Yadda Za Ka Tace wa 'Yarka Fim Ɗin Katun Ba Tare da Ka Yi Mata Bayanin Komai Ba

Kai uban yara, matso kusa, na san abin da ke damunka. Ka sayo fim ɗin katun na jaruman nan masu tashi sama da mayafi a baya da kamfai a kan wando, ka ce ai zane ne, me zane zai yi wa yaro? Minti ashirin da kunnawa sai ga jini, sai ga sumba, sai ga wani ya faɗi bai tashi ba, yarinya kuma ta juyo ta zuba maka ido tana jiran bayani. To kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka raini yaro tun daga yaye har ya yi gemu ba ka taɓa amsa tambaya mai nauyi ko guda ba. Wannan tabbas ne.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. A wurin maƙwabcina Tela na gan ta, wanda shagonsa ke ƙasan benenmu. Mutum ne da zai auna ƙugunka da ido daga tsallaken titi bai kuskure ba, amma ka ce ya zauna ya yi wa 'yarsa magana ta minti biyar, sai gumi ya karyo masa. 'Yar tasa ɗaya ce, shekararta tara, uwarta ta sa mata Lauya saboda ba a gaya mata abu ta bar shi a nan. Da can uwar ce ke amsa tambayoyin. Yanzu kuwa ta fi wata guda a asibiti, ana shirin yi mata aiki a zuciya, Lauya kuma an gaya mata Umma ta je hutu wurin ƙanwarta. Wannan ma ɗinkin Tela ne. Tun daga nan ka san muna tare da gwani.

Mataki na 1: Ɗauki alamar shekaru a matsayin ado

A kusurwar hoton kowane fim akwai 'yar lamba cikin akwati, wani lokaci sha uku, wani lokaci sha shida. Wai shekarun wanda ya dace ya kalla ke nan. Kada ka kula ta. Mutanen da suka zana ƙato yana ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, su ne za su koya maka tarbiyya?

Fim ɗin da Tela ya sayo sha uku ne a jikinsa, ya kalle ta kamar yadda yake kallon takardar wanki a wuyan riga. Labarin wata yarinya ne mai fitar da walƙiya daga tafin hannu, tana zaune da uwarta direbar bas. Ya sayo shi ne don Lauya ta samu abin yi, ta daina tambayar yaushe Umma za ta dawo. Rubuta wannan ka ajiye: babu mai reno kamar talabijin, ba ta cin abinci, ba ta kai ƙara.

Mataki na 2: Ƙware a aiken ruwa

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Da zarar ka ji kiɗan fim ya yi sanyi, namiji da mace sun daina magana sun koma kallon juna, ko mugu ya zaro wani abu mai tsini, ka waiwaya ka ce, "Je ki ɗebo mini ruwa." Kada ka ce na firij, firij kusa yake. Ka ce na famfon kicin, ta bari ya zuba ya yi sanyi tukuna, ta kuma wanke kofin sau biyu.

Ranar Asabar ɗin da suka fara kallo, Tela ya sha kofi tara kafin a kai rabi. A na goma Lauya ta tsaya da kofin a hannu ta ƙi miƙawa.

"Baba, ciwon suga gare ka?"

"Wa ya ce miki?"

"Malamarmu ta ce mai yawan shan ruwa a je a duba shi."

"Malamarku likita ce? Kawo nan."

Ya shanye yana hararar allo. Illar wannan mataki ɗaya ce: ruwan da ya shiga sai ya nemi hanyar fita, masu fim kuma kamar sun sani, daidai lokacin da kake banɗaki suke cire wa mutum hannu.

Mataki na 3: In an riga an gani, musanta

Ka ɗaure fuska, ka yi magana da muryar wanda ya sani. Jan abin nan da ya fantsama a bango fenti ne. Waɗancan biyun da suka haɗa baki, haƙorinsa take duba masa. Wanda ke kwance a titi barci yake.

"Ido buɗe?" in ji Lauya.

"Jarumai haka suke barci," in ji Tela, "saboda tsaro."

Aka zo wani wuri da yarinyar fim ta yi faɗa da uwarta. Ta ɗaga murya ta ce, "Na gaji da ke! Da ma ki tafi!" ta buga ƙofa ta fita. Tela ya ɗan tura fim ɗin gaba da rimot don ya leƙa abin da ke tafe, sai ya hango motar asibiti da gado mai ƙarfe. Ya miƙa ƙafa ta bayan teburi ya fizge waya daga bango.

"Kash, an ɗauke wuta."

Lauya ta ɗaga kai ta kalli fanka tana ta juyawa abinta. Tela kuwa ya ɗauka ya ci nasara. Bai lura ba cewa tun daga wurin buga ƙofar nan yarinyar ta daina motsi. Kai ma kada ka lura. Mai tacewa allo yake kallo, ba fuskar yaro ba.

Mataki na 4: Kai shi a yanka

Ruwa da ƙarya dabarun masu koyo ne. Ƙwararre almakashi yake sa wa abu. A jikin shagon Tela akwai mai gyaran waya, yana da kwamfuta da ke iya yanke fim ta haɗe. Tela ya zauna a kansa da alli a bayan kunne, aka kashe sauti, aka sa fim ɗin yana gudu, shi kuma yana nuni da yatsa.

"Nan. Cire. Nan ma. Wannan rigar ta yi mata kaɗan, cire."

Da aka zo bayan buga ƙofa, mai gyaran waya ya ɗage hannu.

"Tela, nan fa uwar ce ke mutuwa. Duk labarin a kan wannan yake tsaye."

"Shi ya sa na ce ka cire. Daga ƙofar nan har a gama asibiti da makoki, kada ka bar ko zare."

"In na cire ba za a gane komai ba."

"Na taɓa zuwa na koya maka sa batir? Yanka sana'ata ce. Ka cire, ka haɗa baki da baki, ba mai ganin ɗinkin."

Fim ɗin awa biyu ya dawo minti hamsin. Kuma gaskiyar Tela, ɗinkin bai nuna ba. Yarinya ta ce wa uwarta da ma ta tafi, ta buga ƙofa. Hoto na gaba tana gidan kakanta, hoton uwar yana rataye a bango, ba wanda ya sake ambatonta har aka gama. Ba jini, ba gado, ba kuka. Tela ya kalla sau ɗaya ya ce ko jariri aka ba wa wannan ba zai ƙware ba.

Mataki na 5: In uwar ta sa baki, duba labule

Kullum da rana Tela yana rufe shago ya tafi asibiti. Matarsa ta rame, muryarta ta shaƙe, har shi ya sa ko a waya ba ya haɗa ta da Lauya, don kada yarinyar ta ji ta gane. Ranar da likita ya tsayar da Alhamis don aikin, ta kama hannun rigarsa.

"Baban Lauya, ka kawo mini ita kafin Alhamis."

"Za ta tsorata. Dubi robobin nan a hannunki. Bari ki warke, ta gan ki a tsaye."

"In ban warke ba fa?"

Ga inda ake gane gwani. Tambaya irin wannan ba a amsa ta, kuma ba a aiken mara lafiya ɗebo ruwa. Tela ya juya ya kama bakin labulen da ke raba gadaje, ya murza shi tsakanin yatsu.

"Wa ya ɗinka musu wannan? Dubi kalmasa, kamar da ƙafa aka yi."

Ta sake shi, ta juya fuskarta bango. Ya tsaya yana riƙe da labulen har lokacin ziyara ya ƙare. Yana sonta, wannan ba a ko tambaya, tsoro ne kawai ya kama shi. Amma in ka bar tsoro ya fito ta baki ka rushe duk abin da muka gina tun mataki na ɗaya.

Mataki na 6: Zauna ka ci moriya

Cikin mako biyu sakamako ya bayyana. Lauya ta daina tambaya. Ta daina gardama. Tana dawowa daga makaranta ta wanke kwanuka ba a sa ta ba, ta share falo, ta kalli minti hamsin ɗinta, sannan ta sauko shago ta shige ƙarƙashin teburin yanka ta yi aikin gida shiru kamar ba kowa.

Yayar Tela, wadda ta zo riƙe gidan, Lauya na kiranta Gwaggo, ita ce ta so ta ɓata lamarin.

"Kai, yarinyar nan ba lafiya ba. Jiya na zuba gishiri sau biyu da gangan, ta cinye ta ce an gode."

"Yaya, natsuwa ce ta zo mata."

"Natsuwar lafiya ba ta zuwa dare ɗaya. Ka gaya mata gaskiya, ko ni in gaya mata."

"Ki bar mini 'yata, na san abin da nake yi."

Har ni ya tare a matakala ya yi mini alfahari. Ya ce, "Maƙwabci, ka ga tarbiyya? Fim mai tsabta, yaro mai tsabta." Na ce masa wallahi ya kamata a rubuta wannan don amfanin jama'a. Ga shi ina rubutawa.

Mataki na 7: Kome ya faɗi, kada ka sunkuya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan malaminmu ya yi sake. Ranar Talata, saura kwana biyu aikin, wani maɓalli ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin teburin yanka. Maɓalli ɗaya, yana da gwangwani cike da irinsa. Maimakon ya bar shi, sai ya durƙusa ya leƙa.

Lauya na zaune a wurin da littafinta. A saman kanta, a cikin katakon teburin, an ja layuka da allinsa na awo, a jere, biyar-biyar. Talatin da huɗu. Ɗaya an kewaye shi.

"Wannan fa? Lissafin makaranta ne?"

Ta rufe littafin.

"Kwanakin da ban yi rashin kunya ba ne."

"Wanda aka kewaye fa?"

"Ranar na ce wa Gwaggo ba haka Umma ke ninke kaya ba. Ban sani ba ko zai shiga."

"Ya shiga ina?"

Ta daɗe tana murza bakin siket ɗinta na makaranta kafin ta yi magana, kuma da ta fara ba ta kalle shi ba.

"Ranar da Umma ta tafi, da safe ta sa ka ƙara wa siket ɗin nan tsawo, ni kuma ba na so. Na ce mata na gaji da ita, da ma ta tafi. Na dawo daga makaranta ba ta nan. Ko a waya ba ta son magana da ni. Na ce in na yi kirki da yawa za ta huce." Ta saki bakin siket ɗin. "Amma a fim ɗin ma haka yarinyar ta ce, uwar ta tafi. Ta ceci gari gaba ɗaya, Baba, da jirgin ƙasa da komai, uwar ba ta dawo ba. In ceton gari bai isa ba, ni me zan yi?"

Tela yana durƙushe da maɓalli a hannu. Ya buɗe baki, kuma na rantse maka abin da ya fara zuwa kan harshensa ruwa ne. Da ya faɗa, da yau muna da cikakken gwani. Bai faɗa ba.

Mataki na 8: Kada ka tambayi inda ƙyallen yake

Daga nan duk abin da Tela ya yi, kai ka yi akasinsa.

Ya fita ko takalmi bai sa daidai ba, ya faɗa shagon mai gyaran waya.

"Abin da ka yanke, ka zubar?"

"Kai kana zubar da ƙyalle?" in ji mai gyaran waya, ya miƙo masa fim ɗin cikakke. Bai ƙara ko kalma ba, wanda a ganina rashin amfani da dama ne.

Tela ya sallami wani mutum da ya zo karɓar wando, ya ja ƙofar shago da rana tsaka, ya hau sama da 'yarsa. Ya cika jug da ruwa ya ajiye a gabansu da kofi, don kada shaiɗan ya ba shi hanya. Ya sa rimot a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

Suka kalli jinin, ya ce jini ne. Suka kalli sumbar, ya kalli silin, Lauya ta ce, "Baba, na daɗe da sanin ba haƙori ba ne." Yarinyar fim ta buga ƙofa. Wannan karon fim ɗin bai tsallake ba. Uwar ta fito neman 'yarta a cikin bas ɗinta, mugu ya karya gada, ta tsallakar da fasinjoji ita ba ta tsallake ba. A gadon asibiti ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Na ji abin da kika faɗa da safe. Tun kafin ki kai bakin titi na manta." Sannan ta rufe ido, na gaske, ba irin barcin tsaro ba.

Lauya ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Ashe ba fushi ta yi ba."

"A'a."

"Kai ka cire wurin?"

"Ni na cire."

Sai ta juyo ta dube shi sosai, irin duban da ya sa aka sa mata sunan.

"Me kuma ka cire?"

Ya gaya mata. Bai iya tsara shi ba, ya fara daga tsakiya ya koma farko, ya ce asibiti, ya ce zuciya, ya ce jibi. Ya ce Umma kullum sai ta ce a kawo ta, shi ne ya hana. Ya ce maganar siket ko sau ɗaya Umma ba ta ambata ba, ranar tun kafin a tashi daga makaranta ta yanke jiki ta faɗi a kicin.

"Za ta mutu?"

"Ban sani ba. Likitoci suna sa rai, ni ma ina sa rai. Amma ban sani ba, 'yata."

Ta dunƙule hannu ta yi ta dukan ƙirjinsa tana kuka, ya bar ta har ta gaji ta kifa kai a wurin. Gwaggo na tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ba ta shigo ba. Da kukan ya lafa sai tambayoyi suka dawo, na wata guda da aka tara, ɗaya na bin ɗaya. Wanda ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Dubi asara: tarbiyyar mako biyu ta rushe a yini ɗaya.

Mataki na 9: In ka kai nan, ba ni da sauran shawara

Ranar Laraba ya kai ta. A bakin ɗakin, da ya hango robobi da na'urar da ke ƙara a gefen gado, hannunsa ya tashi da kansa zai rufe mata ido. Ta kama hannun ta sauke shi, ta riƙe, ta ja shi ciki.

Uwar ta buɗe hannuwa. Lauya ta hau gadon a hankali tana kauce wa robobin, ta sa bakinta a kunnen uwar ta faɗi wata magana. Uwar ta yi dariya da shaƙaƙƙiyar muryarta ta ce, "Siket? Ke, ni da na ce a ƙara tsawon ma na ga ya yi muni."

Tela yana tsaye a gindin gado. Ya nemi labule ya kama, labulen ya yi masa nisa. Haɓarsa ta fara rawa, kafaɗunsa suka biyo baya, wani sauti ya fito masa da bai taɓa yi a gaban kowa ba. Lauya ta ɗago daga ƙirjin uwarta ta dube shi. Ta dubi uwar. Sannan ta ɗauki kofin da ke kan durowa ta miƙa masa.

"Baba, je ka ɗebo mana ruwa. Na famfon can ƙarshen baranda. Ka bari ya yi sanyi tukuna."

Ya karɓa ya fita. Ya wanke kofin sau biyu.

Sanarwar kare kai

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba malamin tarbiyya ba ne, kuma bai taɓa kallon fim ɗin katun har ƙarshe ido biyu ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya samu yaro shiru, mai wanke kwanuka, mai cin gishiri ya ce an gode, shi ya jiyo, kada ya zo ƙofata. Ba na ɗaukar alhakin kumburin ciki, ko fankar da ta tona asiri, ko abin da yaro ya ɗinka da kansa a wurin da ka yanke. Yau Alhamis, shagon Tela a rufe yake tun safe, shi da Lauya da Gwaggo suna can a bencin asibiti, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda ake ciki amsar da na koya a wurinsa zan ba shi: ban sani ba. In kuma ka sunkuya ka tarar da alli a ƙarƙashin teburinka, ba ni na ce ka sunkuya ba. Ni nan da kake gani ina da yara uku da teburi biyu, kuma tun shekaranjiya ko cokali ne ya faɗi, barinsa nake a ƙasa.